Tekun da na gano a burtalin kawuna

Shekarun baya da nisa, tun gashina yana baƙi ƙirin, ina sa wando mai faɗin ƙafa irin na samarin lokacin, na taɓa gano teku a ƙasar Waca. Ku da kuka san wurin, ku riƙe dariyarku tukuna. Ba mafarki na yi ba, kuma ba rana ce ta buge ni ba. Da awo na gano shi, da lissafi, da takarda mai hatimin laboratuwar Turai, wato ɗakin awonsu. Har gobe in aka kawo mini lambobin nan zan tsaya a kansu, domin ba su yi ƙarya ba. Wanda ya karanta su ne ya yi gaggawa.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, bayan babban farin da ya cinye dabbobin mutane. Gwamnati ta tura ni Faransa karatun ilimin duwatsu, kuma aikin da na zaɓa don babban diplom ɗina shi ne duwatsun ƙasarmu, waɗanda suka taɓa zama narkakkiyar wuta kafin su daskare.

Bari in yi muku bayanin aikin yadda nake yi wa jikokina. Ɓawon duniyar nan ba guda ɗaya ba ne, manyan gutsattsari ne kamar sakainar fasasshiyar ƙwarya, suna motsi a hankali. Wutar cikin ƙasa ta fi ɓullowa a wurare uku: inda sakaina biyu ke rabuwa a ƙarƙashin teku, da inda ɗaya ke nutsewa ƙarƙashin 'yar'uwarta, sai kuma can tsakiyar sakaina inda babu gaɓa ko kusa. Dutsen da aka haifa a kowane ɗaya daga cikin wuraren nan yana fitowa da tsagar gidansu, sai dai ido ba ya ganinta. Sai an daka dutsen ya zama gari, an auna wasu sinadarai 'yan kaɗan da ke cikinsa, titaniyom da zirkoniyom da itiriyom, waɗanda ruwa da rana ba sa wanke su ko dutsen ya shekara miliyoyi. Daga nan sai ka ɗiga lambobin a kan wani zane mai kusurwa uku da aka raba gida-gida. Gidan da ɗigonka ya faɗa, shi ke gaya maka irin wurin da aka haifi dutsenka. A lokacin dabarar sabuwa ce ful, ni kuwa na rungume ta kamar ni na ƙirƙiro ta.

Ni ɗan Magariya ne, ɗan cikin gari. Mahaifina ma'aikacin biro ne, wato ofis, ya rasu ina lise, makarantar sakandare. Mahaifiyata kuwa 'yar makiyaya ce masu noma, daga wata 'yar ruga tsakanin Waca da Dungas, inda yayanta, wato kawuna, yake zaune a gidan gado. Nakan je can in sha nono in dawo. Na san sunayen ma'adinai fiye da ɗari da Faransanci, amma da za a tsare ni a ce in faɗi sunan saniya ɗaya ta kawuna, da na kwana a tsare.

Da rani na zo gida ɗibar duwatsu. Na yi makonni ina hawan tsaunukan da ke wajen Waca har zuwa kusa da Damagaram, da guduma a hannu da jaka a kafaɗa, ina fasawa ina sa lamba. Na tara gutsure arba'in. Da na gama sai na ce bari in biya ruga in gai da kawuna. Ban same shi ba, ya yi kudu da ragowar shanunsa neman ciyawa. Na gaisa da mutanen gida, na sha fura, na kama hanya.

Ban yi nisa ba na yi tuntuɓe. Na duba ƙasa, sai ga kan wani baƙin dutse mai ɗan kore-kore ya leƙo daga cikin rairayi. Wanda bai san yankin ba ba zai gane abin mamakin ba. Can ƙasar rairayi ce zalla, kana iya yini kana tafiya ba ka sami tsakuwar da za ka jefi akuya da ita ba. Na ɗaga kai, sai ga wani a gaba kamar taku hamsin. Bayansa wani. Guda shida, a jere, layi ɗaya ɗoɗar daga bayan ruga har zuwa gangaren tafki. Murna ta kama ni. Duk wanda ya yi shekara ɗaya a ajinmu ya san ma'anar baƙaƙen duwatsu a layi: jijiyar dutse ce, narkakkiyar wuta da ta cika wata doguwar tsaga a ƙarƙashin ƙasa ta daskare, rairayi ya rufe ta, ƙusoshinta kawai suka leƙo.

Akwai doka ta farko da malaminmu ya yi ta nanata mana har muka gaji: kafin ka fasa dutse, haƙa gefensa ka tabbata yana da saiwa, ba wanda ya gangaro daga wani wuri ba ne. Na san dokar sarai. Amma ba ni da fartanya, rana ta take, kuma ina ganin layin nan ya isa shaida. Wa zai ɗauko duwatsu ya jera a dokar daji? Gonaki duk an girbe, dabbobi na yawo ko'ina cikin kara, ban ga wata alamar hanya ko iyaka ba. Na fito da busol, wato agogon da ke nuna arewa, na auna inda layin ya dosa, na ƙirga takun da ke tsakanin kowane dutse da na gaba, na rubuta a kayen aikina, wato littafin da nake rubuta awo. Sannan na sa guduma. Don awo ana son cikin dutse mai kyau, ba bayansa da ya sha rana ba, saboda haka ban yi rowa ba. Kowanne na sare masa kai gaba ɗaya, na bar shi daidai da rairayi.

Ina kan na biyar sai ga maƙwabcin kawuna, wani dattijo mai gonar da ke gefen, ya ajiye gatarin da yake sassabe da shi ya zo. Muka gaisa. Ya tsaya yana kallona, can ya kira ni yadda ake kiran 'yan boko a wajenmu, ya ce, "Mushe, me ka gani a jikin duwatsun nan?"

Abin da bai sani ba shi ne, ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na miƙe na yi masa lacca ta rabin awa a tsakiyar rana. Na gaya masa dutse ɗaya ne dogo kwance a ƙasa, waɗannan kawunansa ne, saiwarsa ta nutse fiye da zurfin rijiya ɗari. Ya saurara da kyau, sannan ya tambaye ni, "Wato ba mutum ne ya aje su ba?"

Na yi dariya. Na ce, "Baba, tun ba a yi mutum a duniya ba suke nan."

Ya jinjina kai. Ya ce shi dai marigayi mahaifinsa wata magana daban ya taɓa gaya masa, amma tunda ga mai ilimin abin ya faɗa, to shi ke nan. Ban ko tambaye shi wace magana ce ba. Na ɗaure jakata na tafi ina jin na wayar wa wani bawan Allah da kai.

Na koma Faransa da akwatin duwatsu. Wata da watanni ina daka, ina tankaɗe, ina kai gari wurin awo. Da sakamako ya fito na zauna da zanen nan mai kusurwa uku ina ɗigawa. Gutsure arba'in na tsaunuka duk suka taru wuri ɗaya kamar tumaki a garke, a gidan duwatsun tsakiyar sakaina. Haka ake tsammani dama, domin ƙasarmu tana can tsakiyar nahiya. Amma shidan nan na bayan ruga suka yi tsalle suka faɗa wani gida daban: gidan duwatsun ƙasan teku. Na ce kuskure ne, na sa aka sake awo. Suka sake faɗawa inda suka faɗa.

Ranar ban iya cin abinci ba. In jijiyar dutse irin ta ƙasan teku tana kwance ƙarƙashin rairayin Waca, to ma'anarsa a wani zamani mai nisa akwai teku a nan, ƙasa biyu suka matso suka haɗe, suka matse shi, ragowarsa ce na yi tuntuɓe da ita. Babu wanda ya taɓa rubuta haka game da yankin. Na kai wa malamina, wani tsoho marar yawan magana. Ya daɗe yana duba takardar, ya ce lambobin suna da kyau, sannan ya tambaye ni ko na ga inda dutsen ya haɗu da uwarsa a ƙasa. Na ce rairayi ya rufe, amma layin a miƙe yake. Ya ce in na je hutu in duba. Na amsa da to, na fita na rubuta babi mai shafi talatin a kan tekun. Har wasiƙa na aika wa mahaifiyata, na ce a karanta mata a gaban maƙwabta, cewa ɗanta ya gano teku a ƙasar kakanninsa.

Damina ɗaya ta wuce ban zo ba. A farkon ta biyu na sauka Magariya, shuka ta riga ta fito. Ina tsammanin mahaifiyata za ta tare ni da maganar wasiƙa, sai na ga ta nufi randa. Ta ba ni ruwa, ta ba ni tuwo, ta zauna tana kallona har na wanke hannu. Sannan ta ce, "Kai ne ka fasa duwatsun Baffa?"

Baffa mahaifinta ne, kakana, wanda ban taɓa gani ba. Ta ba ni labarin a natse. Daga wajen Kazaure ya taso da shanunsa, mai garin lokacin ya ba shi wurin zama. Da damina, in gonaki sun rufe, shanu ba su da hanyar zuwa tafki, sai ya yi yarjejeniya da mai gonar da ke tsakani, mahaifin dattijon nan da na yi wa lacca, aka yanke burtali, wato hanyar dabbobi, ta gefen gonar. Mutane sukan shuka gamba ko aguwa a iyaka, amma Baffa ya ce abin da ake iya tugewa ko akuya ta ci ba shaida ba ne. Ya koma tsohon garinsu da takarkarai uku, ya ɗauko duwatsu shida daga rafin bayan gidansu, kowane sa biyu. Aka haƙa ramuka gaban shaidu, aka binne su har wuya, aka yi fatiha.

Ta ce tunda na sare musu kai, ruwan damina ɗaya ya ja rairayi ya rufe su ruf. Bara kawuna ya bi da shanunsa bisa sabo, ana ta ƙananan maganganu. Bana kuwa maƙwabcin ya shuke burtalin gaba ɗaya da hatsi. Shanu tara suka rage wa kawuna bayan fari, su ne abincin gidansa, kuma yanzu ba su da hanyar ruwa sai ta cikin shukar mutane. Ya fara maganar tashi ya bar gidan da aka binne mahaifinsa. An kai ƙara wurin mai gari, za a zauna ranar Alhamis. Maƙwabcin ya ce ba a taɓa binne wata iyaka ba, duwatsun Allah ne, kuma yana da babban mashaidi, mutumin da ya yi karatun duwatsu a ƙasar Turawa.

Kuna tsammanin na sunkuyar da kai? Ko kusa. Gardama na hau yi. Na ce mata wataƙila wasu duwatsun ne daban, domin nawa an auna su sau biyu, kuma lambobi ba sa ƙarya.

Ta ce, "Ni ban ce sun yi ƙarya ba. Na ce ni na ɗebo ruwan da masu haƙa ramin suka sha."

Washegari na shiga motar kasuwa zuwa Waca, na ƙarasa ruga a ƙafa. Na sami kawuna a bakin garke yana ba shanu ruwa da guga daga rijiyar gida, wadda ko mutane ba ta isa. Ya rame fiye da yadda na san shi. Ya amsa gaisuwata har ƙarshe, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi sanyin Turai, ya sa aka dama mini fura. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Sai da na sha na ajiye ludayi ya ce, "An karanta mana takardarka, ɗan ƙanwata. An ce ka samo mana teku. To ga su nan suna jin ƙishirwa, sai ka nuna musu hanya."

Da safe na ari fartanya. Kawuna ya yi ta neman duwatsun tun farkon damina bai same su ba, domin rairayi ya shafe komai kuma hatsi ya rufe wurin. Ni kuwa ina da kayen aikina. Duk rashin hankalin da na yi a wancan ranin, rubutuna tsaf yake. Na tsaya a gindin aduwar da na fara awo daga gare ta, na saita busol, na ƙirga taku, na ce a nan. Sara uku fartanya ta yi ƙara. Na share rairayi, ga tabon gudumata a kan dutsen. Na ci gaba da haƙa gefensa ina gaya wa kaina yanzu zan ga ya faɗaɗa ya nutse. Ban kai kamu ɗaya da rabi ba yatsuna suka zagaya ƙarƙashinsa. Na tura shi, ya yi motsi kamar haƙorin da ya kusa fita. Da na mirgine shi sai ga baƙin gawayi shimfiɗe a ƙasan ramin. Na je na biyu, haka.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma gaskiya har da baƙin ciki, domin ina son tekun nan. Na zauna a bakin ramin ina tunanin shafi talatin. Zuciya ta raya mini cewa ai Waca da Faransa akwai nisa, ina iya gyara maganata a nan, can kuma in bar babina yadda yake, babu wanda zai zo da fartanya ya duba. Tunanin bai daɗe ba, amma ya zo, kuma ba zan ɓoye muku ba. Kawuna yana tsaye a kaina da sandarsa. Ya dubi gawayin, ya dube ni, ya ce rana ta yi, mu je mu karya.

Ranar Alhamis mai gari ya zo da dattawa, aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar da ke bakin gonar. Maƙwabcin ya fara magana. Ba mugun mutum ba ne, ina so ku san haka. Gyaɗa ta daina yi, bakuna sun yi masa yawa a gida, kuma ga wani mai takalmi da tabarau ya ba shi hujja kyauta. Ya ce shi ba ya rigima da kowa, abin da mai ilimi ya faɗa masa da bakinsa shi ya bi. Duk aka juyo aka dube ni.

Na miƙe na ce maganar da ya faɗa gaskiya ce, ni na gaya masa, kuma kuskure na yi. Na kai su ramukan biyu. Na nuna musu inda sauran huɗun suke, aka haƙa a gabansu, kowanne ya fito da gindinsa da gawayinsa. Na ɗauka an gama. Amma mutumin da hatsinsa ya kai gwiwa ba ya sakin gona da sauƙi. Maƙwabcin ya ce to ya yarda mutum ne ya binne su, amma yaushe? Ga tsaunin Waca nan, tafiyar yini ɗaya da jaki. Wa ya san ko shekara uku ko huɗu da suka wuce aka ɗauko aka binne da rani, lokacin da babu kowa a gona? Shaidun farko duk sun rasu, mahaifiyata kuwa ƙanwar mai ƙara ce. Na ga wasu dattawan sun fara gyaɗa kai. Na ga kawuna ya sunkuya yana zane a ƙasa da sandarsa.

A nan ne na tuna da takardar da ke aljihuna, wadda na zo da ita don in yi alfahari. Na nemi izini, na share ƙasa a gaban mai gari, na zana kusurwa uku babba da kara, na raba ta gida-gida. Na tsinci 'ya'yan tsamiya na tara su a gida ɗaya. Na karɓi gyaɗa shida a hannun wani dattijo na ajiye su can a wani gidan. Na ce, "Ranka ya daɗe, in baƙo ya shigo kasuwa, kafin ya buɗe baki kun san daga ina yake in kun dubi tsagar fuskarsa. Duwatsu ma haka suke, sai dai tasu tsagar a ciki take, sai an daka an auna." Na ce 'ya'yan tsamiyar nan su ne duk tsaunukan da ke tsakanin nan da Damagaram, babu wanda ban fasa ba, kuma tsagarsu ɗaya. Gyaɗar nan shida su ne duwatsun ramukan nan. An auna su sau biyu a wurin da ba a san kawuna ba, ba a san maƙwabcinsa ba. Ba 'yan tsaunin Waca ba ne, kuma ba su da dangi a duk ƙasar nan.

Mai gari ya tambaye ni to 'yan ina ne. Na ce awon yana faɗin irin wurin da aka haifi dutse, ba ya faɗin sunan gari, amma na karanta cewa akwai irinsu a wajen Kazaure. Wani tsoho ya ce ai daga can mahaifin kawuna ya zo, kowa ya sani. Wani ya ƙara da cewa kawuna ko takarkari ɗaya bai rage masa ba tun fari, kuma dutsen nan ba abin da mutum zai ɗauko a ka ba ne daga wata ƙasa.

Mai gari ya dube ni ya ce, "Mushe, bara ka ce na Allah ne, yau ka ce na mutum ne. Wace maganar taka za mu riƙe?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wancan karon ban haƙa ba."

Aka yi dariya, har da mai garin. Maƙwabcin ne kawai bai yi ba. Ya tashi ya je bakin rami, ya tsuguna, ya ɗebo gawayin a tafinsa yana murzawa. Ya daɗe a haka. Da ya dawo sai ya ce maganar da mahaifinsa ya gaya masa, wadda ya so ya faɗa mini ban tsaya ji ba, ita ce daga murhun gidansu aka ɗebo gawayin nan, don in an taɓa yin musu wata rana a tona a gani. Ya ce shi ba zai yi musu da murhun uwarsa ba.

Aka yanke cewa bana za a buɗe hanya siririya, faɗin da shanu za su bi ɗaya bayan ɗaya, don kada hatsin ya lalace duka, bayan girbi kuma burtali ya koma faɗinsa na da. Aka mayar da duwatsun ramukansu, aka ɗaga su sama kaɗan tunda wani ya sare musu kai. Sai mai gari ya ce saura wanda ya jawo abin. Hukuncina shi ne in yi shingen ƙaya a gefen hanyar tun daga ruga har tafki. Kwana huɗu na yi ina saran ƙaya ina ja, da hannun da bai san komai ba sai bik ɗin rubutu da guduma. Maƙwabcin da kansa ya koya mini yadda ake kama reshe da ƙotar gatari. Ran na biyar da hantsi kawuna ya kwance shanunsa. Na tsaya da kumburarrun yatsu ina kallon su tara suna bi ɗaya bayan ɗaya, har ta gaban ta sa baki a ruwa. Ban taɓa jin daɗin wani sakamako kamar wannan ba.

Kafin hutuna ya ƙare na tsallaka iyakar ƙasa zuwa wajen Kazaure, na nemi tsohon garin kakana, aka nuna mini rafin. Ga duwatsun nan baƙaƙe masu kore-kore, wannan karon da saiwarsu, na haƙa na gani da idona. Da aka auna su a Faransa, ɗigonsu ya faɗa gefen shidan nan kamar 'yan uwa ɗaya. Wato tekun akwai shi a wani zamani, sai dai ba a inda na sa shi ba, kuma wasu sun riga ni saninsa. Babina mai shafi talatin ya koma rabin shafi. Da na ba malamina labari ya yi dariya har da tari, ya ce a duk shekarunsa bai taɓa jin sakainar duniya ta yi tafiya a bayan takarkari ba. Diplom dai na samu, da duwatsun tsaunuka arba'in ɗin nan da ban ɗauke su a bakin komai ba.

Na yi shekaru ina wannan aiki bayan haka, kuma ban taɓa daina yarda da awon ba. Ku ba ni garin dutse mai tsabta, zan gaya muku ko a ƙasan teku aka haife shi ko a tsakiyar nahiya, kuma zan tsaya a kan maganata gaban kowa. Abin da na koya shi ne iyakar tambayar da awon yake amsawa. Yana faɗin inda aka haifi dutse. Yadda ya zo inda ka same shi kuwa, wannan sai fartanya, sai kuma mutanen wurin, in ka yi haƙuri ka bari suka ƙarasa maganarsu. Duk ɗalibin da ya bi ni daji, ranar farko ba na ba shi guduma. Fartanya nake ba shi, in ce ya je ya gai da mai gona.

Kawuna ya rasu a gidansa, an binne shi kusa da mahaifinsa. Shekarun baya kaɗan na koma rugar. Duwatsun suna nan, shida, da kawunansu a shafe. Ina tsaye a kan na uku sai ga wata mata da ƙwaryar nono a ka, ba ta san ni ba. Na tambaye ta sunan hanyar. Ta ce Bakin Teku ake ce mata. Na ce teku kuma a nan? Ta ce wai wani mai ilimi ne ya taɓa zuwa tun ba a haife ta ba, ya rantse akwai teku a ƙarƙashi, aka haƙa aka sami gawayi.

Na ce mata na san mutumin, ya iya lissafi ƙwarai, haƙa ce bai iya ba a lokacin.

Ta ce, "Allah sarki. Baba, ɗan matsa gefe, ga shanu nan tafe."

Na matsa. Sun fi talatin, kuma sai da na tsaya na ga wucewar ta ƙarshe.